Babi na Shida: Abin da Shekaru ke Tarawa a Cikin Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar ɗan shekara 80 ta bambanta da ta ɗan shekara 20 ta fuska biyu. Ta farko ana ganinta da ido: ƙwaƙwalwar ta ɗan motse, nauyinta ya ragu, ramukan da ke tsakanin naɗe-naɗenta sun ƙara faɗi. Ta biyu kuwa sai an yanko wani siririn yanki, an rina shi, an sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A nan ne ake tarar da abubuwa iri-iri da suka taru a tsawon rayuwa, wasu a cikin ƙwayoyin jijiya, wasu a tsakaninsu, wasu a bangon jijiyoyin jini. Akwai masu launin ruwan ƙwai, akwai baƙaƙe, akwai masu tauri irin na ƙashi. Sinadaran da suka haɗa kowannensu daban ne, haka ma asalinsa da tasirinsa. Wasu ba su da wata illa da aka tabbatar, wasu kariya suke bayarwa, wasu kuma suna da hannu dumu-dumu a cutar mantuwa da cutar karkarwa.

Dalilin taruwar

Yawancin ƙwayoyin jikin mutum ana sabunta su. Ƙwayoyin da suka lulluɓe cikin hanji ba sa wuce 'yan kwanaki, na jan jini kuma kimanin kwana 120. Idan ƙwaya ta rabu gida biyu, tarkacen da ke cikinta ma ya rabu, don haka ba ya samun damar yin yawa. Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda yawansu ya kai kimanin biliyan 86, ba sa rabuwa. Mafi yawansu da su aka haifi mutum, da su kuma zai koma ga Mahaliccinsa. Duk abin da ƙwayar ta kasa narkarwa ko fitarwa, tare da shi za ta zauna shekara da shekaru.

Ga kuma yawan aiki. Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita a lokacin hutu. Ana ƙona wannan iska ne a cikin wasu ƙananan sassa na ƙwaya da ake kira maitokondiriya, inda ake samar da kuzari. A cikin wannan aiki wani ɗan kaso na oksijin kan rikiɗe ya zama sinadarai masu zafin nama, waɗanda ke far wa kitse da furotin su ɓata su. Irin wannan haɗuwa da oksijin ce ke sa ƙarfe tsatsa, take kuma sa mai ya lalace idan ya daɗe a ajiye. Ƙwaƙwalwa tana da kitse mai yawa irin wanda ke saurin lalacewa, tana kuma da sinadarin ƙarfe wanda ke ƙara hura wutar. A 1956 ne masanin Amurka Denham Harman ya gabatar da ra'ayin cewa wannan ɓarna tana cikin tushen tsufa.

Ƙwaya tana da wurin da take narkar da abin da ya lalace, wato laisosom, wanda Christian de Duve na ƙasar Beljiyam ya gano a 1955. Wata 'yar jaka ce mai ɗauke da ruwa mai tsami da sinadaran narkarwa iri-iri. Tsofaffin furotin da maitokondiriyar da suka gaji duk can ake kai su, a wargaza su, a sake amfani da gutsattsarinsu. Aikin yana tafiya da kyau, sai dai ba ya cika ɗari bisa ɗari.

Lifofusin

Abin da laisosom ya kasa narkarwa shi ke zama lifofusin, tarin da ya fi kowanne yaɗuwa a ƙwaƙwalwar da ta tsufa. Adolph Hannover, likita ɗan ƙasar Denmak, ya bayyana shi a cikin ƙwayoyin jijiya tun 1842. Ƙananan ƙwayoyi ne masu launi tsakanin ruwan ƙwai da ruwan ƙasa, kuma idan aka haska su da shuɗin haske ko hasken da ya zarce shuɗi, sukan yi walƙiya da kansu ba tare da an rina su ba.

Lifofusin ba sinadari guda ba ne, cakuɗe ne. Furotin da ya lalace kan kai kashi 30 zuwa 70 cikin 100 na nauyinsa, kitse kuma kashi 20 zuwa 50. Akwai ɗan sukari, akwai kuma ƙarafa da ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba, musamman ƙarfe, jan ƙarfe da tutiya. Abin da ya sa ba ya narkewa shi ne yadda sassansa suka ɗaure juna. Idan kitse ya lalace yakan fitar da wasu ƙananan sinadarai masu hannu biyu, kowane hannu ya kama furotin guda, har a wayi gari furotin da kitse sun sarƙe sun zama dunƙule. Misalinsa kamar ƙanzo ne a gindin tukunyar da ake girki da ita kullum ba a taɓa kankare ta sosai ba: daga abincin ya fito, amma wuta ta mayar da shi wani abu da ruwa ba ya wankewa.

Yawansa yana ƙaruwa daidai da shekaru, har masana halittun ruwa sukan auna shi don ƙiyasta shekarun ƙaguwa da danginta. A wasu manyan ƙwayoyin jijiya na masu dogon rai, yakan mamaye fiye da rabin sararin ƙwayar.

An daɗe ana ɗaukarsa a matsayin alamar tsufa kawai. Ulf Brunk da Alexei Terman, masu bincike a ƙasar Suwidin, sun kawo wata fahimta a farkon shekarun 2000. A ganinsu, ƙwayar takan ci gaba da tura sinadaran narkarwa zuwa laisosom ɗin da lifofusin ya cika, inda suke tafiya a banza. Hakan ya sa tsofaffin maitokondiriya ba sa samun mai kwashe su, su kuma sai su ƙara fitar da sinadaran ɓarna, waɗanda ke haifar da ƙarin lifofusin. Duk da haka akwai sassan ƙwaƙwalwa, musamman a gindinta, inda ƙwayoyi ke cika maƙil da shi amma su ci gaba da aiki har ƙarshen rayuwa. Inda illar irin wannan tari ta fito fili shi ne a wasu cututtukan gado na yara, irin wadda Frederick Batten ya bayyana a Ingila a 1903. A nan laisosom ne ke da naƙasu tun daga haihuwa, wani abu mai kama da lifofusin ya taru cikin 'yan shekaru, yaro ya rasa gani, ya kamu da farfaɗiya, basirarsa ta dusashe.

Baƙin launi da ƙarfe

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki da ake gani baƙi ƙirin da ido, inda ƙwayoyin da ke sarrafa sinadarin dofamin suke. Dofamin shi ke daidaita motsin jiki. Jariri ba shi da wannan baƙin. Yakan fara bayyana ne wajen shekara 3, ya yi ta ƙaruwa har tsufa. Sunansa niyuromelanin, kuma dangin launin da ke fatar mutum ne, ko da yake hanyar samuwarsu ta bambanta. Rarar dofamin da ba a adana ba ita ce ke haɗuwa da oksijin, ta dunƙule tare da furotin da wani irin kitse, a killace ta a cikin jaka.

Wannan tari yana da amfani. Dofamin da ke yawo sakaka a cikin ƙwaya guba ne, mayar da shi dunƙule kuwa yana kashe kaifinsa. Bugu da ƙari niyuromelanin yana kama ƙarfe ya riƙe shi gam. Wannan muhimmin abu ne, domin ƙarfe ma yana taruwa da shekaru, kamar yadda Hallgren da Sourander suka nuna a Suwidin a 1958, kuma ya fi yawa a sassan da ke kula da motsi. Yawancinsa a ajiye yake cikin furotin mai suna feritin, wanda guda ɗaya kan iya ɗaukar ƙwayar zarrar ƙarfe har kusan 4,500. Ƙarfen da ya kuɓuce wa ajiya shi ne mai ɓarna.

Amma kariyar tana da iyaka. Idan ƙwaya ta mutu, baƙin launin ya zube waje da ƙarfen da ke jikinsa, sai ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa su taso masa, kumburi ya biyo baya, ƙwayoyin da ke maƙwabtaka su jikkata. A cutar Fakinsin, mai sa karkarwa da sanƙarewar jiki, waɗannan baƙaƙen ƙwayoyi ne ke mutuwa, har yankin ya koɗe ya yi fari. Konstantin Tretiakoff ne ya nuna haka a birnin Faris a 1919. A cikin ƙwayoyin da suka rage akan ga wasu dunƙule da Friedrich Lewy ya fara bayyanawa a 1912, waɗanda aka gano a 1997 cewa babban sinadarinsu wani furotin ne mai suna alfa-sinukiliyin.

Dunƙulen sukari da yashin ƙwaƙwalwa

Akwai wasu ƙananan ƙwallaye da ake yawan samu a ƙarƙashin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, da kewayen jijiyoyin jini, da gefen kogunan da ruwan ƙwaƙwalwa ke gudana. Jan Purkinje ya gan su a 1837, Rudolf Virchow kuma ya lura cewa aidin yana rina su kusan yadda yake rina sitaci. Faɗinsu yana kamawa daga maikuromita 2 zuwa 50, maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Fiye da kashi 80 cikin 100 na jikinsu sukarin gulukos ne da aka jera sarƙa-sarƙa, ragowar kuma gutsattsarin furotin ne da na sassan ƙwayoyi da suka lalace. Sun fi zama a cikin ƙwayoyin da ke yi wa ƙwayoyin jijiya hidima, ba a cikin ƙwayoyin jijiyar kansu ba.

Fiye da ƙarni guda ba a ba su wani muhimmanci ba. A 2019 masu bincike a jami'ar Basalona ta ƙasar Sifen suka nuna cewa ana sakin waɗannan ƙwallaye cikin ruwan ƙwaƙwalwa, kuma ana samunsu a kaluluwar wuya, inda ƙwayoyin garkuwar jiki za su iya haɗiye su. Wannan ya nuna cewa sarƙar sukarin wata hanya ce ta naɗe tarkace a fitar da shi daga ƙwaƙwalwa.

Yashin ƙwaƙwalwa kuma yawancinsa ma'adini ne. Ya fi taruwa a cikin wata 'yar ƙaramar halitta da ke can tsakiyar kai, wadda ke fitar da melatonin, sinadarin da ke daidaita lokacin barci. Kalsiyam ne da fosfet, irin haɗin da ke cikin ƙashi da haƙori, suke kwanciya bawo a kan bawo. Da yake yana fitowa a hoton ƙashi, likitocin da suka gabaci na'urorin zamani sun riƙa amfani da shi a matsayin alamar tsakiyar kai: idan ya karkata gefe, to akwai ƙari ko taruwar jini da ke tura ƙwaƙwalwa. Ana samunsa a manya masu yawa da ke cikin ƙoshin lafiya.

Amiloyid

A 1901 aka kwantar da wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, a asibitin masu taɓin hankali na birnin Farankfot a Jamus, tana fama da mantuwa da ruɗewa. Bayan rasuwarta a 1906, likitanta Alois Alzheimer ya binciki ƙwaƙwalwarta ya ga abu biyu: wasu tabo-tabo a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zaruruwa a murɗe a cikinsu. Oskar Fischer na birnin Farag ya bayyana irin waɗannan tabo a tsofaffi da dama a 1907. A 1910 Emil Kraepelin ya sa wa cutar sunan Alzheimer.

Sai a 1984 George Glenner da Caine Wong suka tantance sinadarin da ke haɗa waɗannan tabo, wanda ake kira amiloyid-bita. Guntun furotin ne mai ɗauke da amino asid, wato tubalan ginin furotin, 40 ko 42. Ana yanko shi ne daga wani dogon furotin da ke ratsa bangon ƙwayar jijiya, ta hanyar yanka biyu da wasu sinadarai biyu ke yi. Kowane mutum yana samar da shi tun yana yaro, kuma ana kwashe shi cikin sa'o'i. Mai amino asid 42 ya fi danƙo, domin ƙarin biyun nan ba sa jituwa da ruwa. Idan ya yi yawa, guntayen sukan miƙe su jeru gefe da gefe, wani a kan wani, su zama zare mai tauri. Zaruruwan su ne ke haɗuwa su zama tabo, tare da ƙarafa da wasu furotin, a kewaye da su kuma ga kumburarrun rassan jijiya da ƙwayoyin garkuwa. Mai amino asid 40 ya fi kwanciya a bangon ƙananan jijiyoyin jini, ya raunana su, abin da kan jawo zubar jini a ƙwaƙwalwar tsofaffi.

Hujja mafi ƙarfi a kan amiloyid daga gado ta fito. Ƙwayar gadon da ke sarrafa uwar furotin ɗin tana kan kuromosom na 21. Masu lalurar Dawun suna da wannan kuromosom guda 3 maimakon 2, kuma kusan dukkansu suna da tabon amiloyid idan suka kai shekara 40. A yankin Antiyokiya na ƙasar Kolombiya akwai wata babbar zuriya, wadda likita Francisco Lopera ya shafe shekaru yana bibiya, da ke gadon wani canji a ɗaya daga cikin sinadaran da ke yin yankan. Masu ɗauke da shi sukan fara mantuwa tun suna 'yan shekara 40 da wani abu. A ɗaya ɓangaren, a 2012 an gano wani canji a ƙasar Aisland da ke rage samar da amiloyid, kuma masu shi ba su cika kamuwa da cutar ba. A kan hujjojin gado na farko-farko ne John Hardy da Gerald Higgins suka gina ra'ayinsu na 1992 cewa amiloyid ne ke fara kunna wutar cutar. Bincike na baya-bayan nan ya nuna cewa ƙananan dunƙulen da ke yawo kafin su zama zare sun fi cutar da mahaɗar jijiyoyi fiye da babban tabon.

Tawu

Zaruruwan da Alzheimer ya gani a cikin ƙwayoyi daga wani furotin daban suke, mai suna tawu, wanda aka gano a jami'ar Firinston ta Amurka a 1975. Aikinsa shi ne riƙe ƙananan bututun da ke cikin dogon reshen ƙwayar jijiya, waɗanda ta kansu ake jigilar kayan aiki daga uwar ƙwaya zuwa ƙarshen reshe. A 1986 Inge Grundke-Iqbal da Khalid Iqbal suka nuna cewa tawun da ke cikin zaruruwan ya ɗauki fosfet fiye da kima. Idan haka ta faru yakan saki bututun, ya manne da 'yan'uwansa, su murɗe bibbiyu su cika ƙwayar.

Heiko Braak da Eva Braak sun nuna a 1991 cewa tawu yana bin hanya sananniya mai mataki 6. Yakan fara daga sashen da ke can ciki daura da kunne, ya shiga cibiyar ajiye sabbin abubuwan tunawa, daga nan ya bazu zuwa saman ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mai cutar kan manta abin da ya ci da safe alhali yana tuna ƙuruciyarsa. Kusan duk wanda ya haura shekara 80 yana da ɗan tawu a matakan farko. Bazuwarsa zuwa sauran sassa ce ta fi aukuwa idan akwai amiloyid, kuma nisan da ya yi ya fi yawan tabon amiloyid dacewa da tsananin mantuwar.

Tsakanin tari da cuta

Samun waɗannan abubuwa a ƙwaƙwalwa bai zama hukuncin cuta ba. A 1986 David Snowdon ya fara wani bincike a Amurka a kan mata masu zaman zuhudu na cocin Katolika, su 678, waɗanda suka amince a riƙa gwada basirarsu a kai a kai, a kuma binciki ƙwaƙwalwarsu bayan sun mutu. An samu wasunsu da tabo da zaruruwa masu yawa alhali hankalinsu garau yake har ƙarshe. An kuma lura cewa waɗanda suka haɗa tabon da ƙananan toshewar jijiyoyin jini sun fi nuna alamun mantuwa. Tun daga 2004, da aka samu sinadarin da ke nuna amiloyid a hoton ƙwaƙwalwar mai rai, an tabbatar cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na tsofaffi masu cikakken hankali suna ɗauke da shi, kuma yakan fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin alamu su bayyana.

Najeriya ma ta ba da gudummawa a wannan fage. Daga 1992 aka fara kwatanta tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis na Amurka, ƙarƙashin jagorancin Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie, daga baya kuma Adesola Ogunniyi. Sakamakon 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kimanin kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ke kamuwa da cutar mantuwa, a Indiyanafolis kuwa kashi 3.24. Wata ƙwayar gado da ke ƙara haɗarin cutar sosai a tsakanin Turawa ma tasirinta bai kai haka ba a Ibadan. Masu binciken sun karkata ga cewa ƙarancin hawan jini, ciwon suga da kitsen jini a tsakanin tsofaffin Ibadan na wancan lokaci yana cikin dalilan.

Magungunan da ke kwashe amiloyid sun ƙara fayyace matsayinsa. Wanda aka amince da shi a Amurka a 2023, lekanemab, yana rage tabon ƙwarai, amma a gwajin wata 18 ya rage saurin dusashewar basira ne da kimanin kashi 27 cikin 100, bai tsayar da cutar ba, kuma yakan jawo kumburi ko ɗigar jini a ƙwaƙwalwar wasu. Wato amiloyid yana da hannu, amma ba shi kaɗai ke aikin ba.

Hanyoyin kwashewa

Yawan kowane tari ya dogara ne ga abu biyu: saurin samuwarsa da saurin kwashe shi. A cikin ƙwaya akwai laisosom da wata na'urar daddatsa furotin. A wajenta akwai ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye tarkace, da sinadarai masu narkar da amiloyid, da ƙofofi a bangon jijiyoyin jini masu tura shi cikin jini zuwa hanta da ƙoda. A 2012 Maiken Nedergaard da abokan aikinta a jami'ar Rocesta ta Amurka suka bayyana yadda ruwan ƙwaƙwalwa ke bi ta gefen jijiyoyin jini yana wanke tsakanin ƙwayoyi, a 2013 kuma suka ba da rahoton cewa a jikin ɓeraye wankin ya fi ƙarfi lokacin barci. Masana na ci gaba da muhawara a kan girman rawar da barci ke takawa a nan. Dukkan waɗannan hanyoyi ƙarfinsu yana raguwa da shekaru, musamman idan jijiyoyin jini sun yi tauri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 daga cikinsu nau'in Alzheimer ne. Wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da za a iya gyarawa, waɗanda ke da alaƙa da kusan kashi 45 cikin 100 na masu kamuwa. Daga ciki akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, ƙiba, rashin motsa jiki, raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, buguwa a kai, gurɓatacciyar iska, kaɗaici da ƙarancin ilimi tun ƙuruciya. Wasu daga cikinsu suna shafar hanyoyin kwashe tarkacen ne, wasu kuma suna shafar juriyar ƙwaƙwalwa ga tarkacen da ya riga ya taru.